Musun Barça a Damagaram: koci ne ke tsara ƙungiya ko takardar albashi?

A Damagaram ba a rasa abin musu, amma daga Birni zuwa Zango har Sabon Gari da wuya a samu musun da ya kai na Barcelona tsawon rai. Ana soma shi tun gawayin shayi bai kama ba, a sha na fari, a sha na biyu, a zuba na uku, magana tana nan inda take. In ka kasa kunne, bakuna uku ne ke magana a kowace fada. Akwai masu cewa ƴan wasa ne komai: "Yaya, ka ba ni Lamine Yamal da Pedri da Raphinha, ko ni ne koci sai na ɗauki kofi." Akwai masu rantsuwa da koci Hansi Flick, su ce ai yaran nan duk suna nan zamanin Xavi, kocin da ya gabace shi, me ya hana su a lokacin? Sai na uku, galibi ƴan Madrid, waɗanda ba su da aiki sai tsokana: ƙungiyar da ta sayi ɗan wasa ta kasa yi masa rajista, da wane baki za ta yi magana?

Kowa da gaskiyarsa, sai dai ana jera abubuwan uku kafaɗa da kafaɗa kamar za a zaɓi ɗaya a bar biyu, alhali ba sahu ɗaya suke ba. Lissafin albashi ne a gaba, shi ke yanke wanda zai sa rigar ƙungiya da wanda zai kama hanya. Bayan ya gama ne koci zai zo ya yi aiki da abin da aka bar masa. Kuma lissafin da ya ɗaure ƙungiya a bana, yawanci an sa masa hannu shekara uku ko huɗu baya, mutanen da suka sa hannun ma sun daɗe da barin kujera.

Dokar da ake ta zagi a gidajen kallo ta samo asali ne a 2013, shekarar da Javier Tebas ya hau shugabancin La Liga, gasar ƙwallon Sifaniya. A lokacin ƙungiyoyin Sifaniya da yawa bashin haraji da na albashi ya yi musu katutu. Aka ce daga yanzu, kafin a buga wasan farko na kaka, kowace ƙungiya ta kawo lissafin abin da take sa ran samu: kuɗin tele, kuɗin tikiti, na masu talla a riga, ribar sayar da ƴan wasa. A cire kuɗin tafiyar da ƙungiya da abin da za a biya na bashi. Abin da ya saura, shi ne iyakar da za ta kashe wa ƴan wasanta. Cikin iyakar nan har da albashin koci da mataimakansa, da ƙaramar ƙungiya, da makarantar yara. Wadda ta zarce, ba a jira ƙarshen kaka a ci ta tara; nan take za a hana ta rajistar sabon ɗan wasa. Kana iya sayensa, ka nuna shi ga ƴan jarida, ya ɗaga riga a ɗauke shi hoto, ranar wasa ya zauna cikin ƴan kallo.

Wannan ya sha bamban da tsarin da aka bi a Ingila, inda aka riƙa barin ƙungiya ta kashe, daga baya a duba asararta ta shekara uku a zaftare mata maki, kamar yadda aka yi wa Everton da Nottingham Forest a kakar 2023/24. Ya kuma bambanta da na ƙwallon Amurka ta NFL, inda tun 1994 iyaka ɗaya ce ga kowa, babba da ƙarami, don a daidaita ƙarfi. Ta Sifaniya ba ruwanta da daidaita ƙarfi. Cewa kawai take yi daidai ruwa daidai tsaki: mai samu da yawa ya kashe da yawa, marar samu ya matse.

Akwai wani sashe na lissafin da ba a cika ambata a fada ba, kuma shi ne ya karya Barcelona. Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi. Ana raba shi ne bisa shekarun kwantiraginsa. Ɗauki Antoine Griezmann. An saye shi Yuro miliyon 120 a Yulin 2019, ya sa hannu na shekara biyar. Ke nan kowace shekara miliyon 24 na fita daga cikin iyakar, sama da miliyar 15 na sefa, tun ba a ba shi ko dala ta albashi ba. Ya ci ƙwallo ko bai ci ba, ya ji rauni ko yana benci, miliyon 24 ɗin nan na tafiya. Bayan shekara biyu, a takarda darajarsa miliyon 72 ce. In ka sayar da shi ƙasa da haka, asara za a rubuta maka, asarar kuma ta ƙara rage iyakar baɗi. Shi ya sa in wani ya buga benci ya ce "a sayar da shi mana a huta", bai san cewa sayarwar ma ciwo ce ba. Griezmann aro aka mayar da shi Atlético a 2021, daga baya aka sallama shi a kan kusan miliyon 20. Philippe Coutinho ma, da aka biya Liverpool miliyon 120 ban da ƙarin da ke biyo baya, miliyon 20 Aston Villa ta ba da a kansa a 2022.

Asalin abin kuwa daga samu ya fara, ba daga rashi ba. A Agustan 2017 PSG ta ajiye Yuro miliyon 222 ta ɗauke Neymar, sama da miliyar 145 na sefa a rana ɗaya. Duk Turai ta san aljihun Barcelona ya cika, sai kowa ya ɗaga farashi. Ousmane Dembélé ya zo daga Dortmund a kan miliyon 105 ban da ƙari, Coutinho ya biyo a Janairun 2018, Griezmann a 2019. Shugabancin Josep Maria Bartomeu ya yi ta sabunta kwantiragin manyan ƴan wasa da albashi mai nauyi na shekaru masu yawa. Na Messi kaɗai, wanda jaridar El Mundo ta fallasa a Janairun 2021, yana iya kaiwa miliyon 555 a shekara huɗu kafin haraji. Duk an gina wannan a kan zaton kuɗin shiga ba zai taɓa raguwa ba. Sai korona ta zo a Maris ɗin 2020, aka rufe filinsu Camp Nou mai ɗaukar mutum 99,000, tikiti ya tsaya, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, albashi kuwa bai tsaya ba. Ranar 14 ga Agustan shekarar, a Lisbon, Bayern ta zuba musu 8 da 2. Biyu na ƙarshe Coutinho ne ya ci, yana can aro, Barcelona na nan na biyan kason kuɗin sayensa. Kocin Bayern a daren shi ne Hansi Flick.

Alƙaluman iyakar sun isa su ba da labarin. A kakar 2019/20 ta Barcelona miliyon 671 ce. A Satumban 2021 ta faɗo ƙasa da miliyon 100, lokacin da ta Real Madrid ke kan 739. A Maris ɗin 2022 ta nutse ƙasa da sifili, ta koma bashin miliyon 144. Tsakanin nan ne Messi ya tafi. Kwantiraginsa ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2021, don haka a idon doka sabon ɗan wasa ne da ke neman rajista. Ya yarda a rage masa rabin albashi, abin bai shiga ba. Joan Laporta, wanda aka zaɓa shugaban ƙungiyar a Maris ɗin shekarar, ya ce in da Messi albashi zai ci kashi 110 cikin 100 na abin da ƙungiya ke samu, ba tare da shi ba ma kashi 95 ne, bashi kuma ya kai miliyon 1,350. Ƙungiyar da ta zarce iyaka a lokacin, in ta rage nauyin Yuro huɗu, ɗaya kawai ake barin ta ta sake kashewa. Shi ya sa sai da Piqué ya rage albashinsa aka yi wa Memphis Depay da Eric García rajista, sai da Umtiti ya yarda aka shimfiɗa nasa zuwa shekaru masu yawa kafin Ferran Torres ya taka leda. Ka ga waɗannan ba shawarar koci ba ce, ta akawu ce.

A nan ƴan Barça kan ce Tebas ɗan Madrid ne, makirci ne. Gaskiya ne bai taɓa ɓoye cewa Madrid yake so ba, amma duk mai bin labari ya san shi da shugaban Madrid Florentino Pérez ba sa ga maciji. Dokar kuma ƙungiyoyin ne da kansu suka amince da ita. Wani kuma zai ce, "To Alhaji, me ya hana wani attajirin Larabawa ya saye su kamar PSG da City?" Ba ta sayuwa. Barcelona ta mambobinta ce, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'a. Wannan abin alfahari ne, amma yana da nasa aibin: mai neman ƙuri'a alƙawarin tauraro yake yi, ba alƙawarin tsuke baki ba.

Abin da Laporta ya yi a tsakiyar 2022 ya tabbatar da haka. Shekara guda kafin nan ya ƙi shiga yarjejeniyar La Liga da kamfanin CVC, ya ce ba zai jinginar da kuɗin tele na shekara 50 ba. Sai ga shi ya sayar wa kamfanin Sixth Street kashi 25 cikin 100 na kuɗin telen La Liga na shekara 25, a kan sama da miliyon 500, ya kuma sayar wa wasu kamfanoni kashi 49 na sashen shirya bidiyo na ƙungiyar. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya karɓi kuɗin hatsinsa a hannun ɗan kasuwa tun gero bai fid da kai ba, ya san wannan ciniki: yau an yi tuwo, da kaka kuma rumbu ba zai cika ba, sai dai nan kaka 25 ce a jere. Iyakar ta yi tsalle ta koma miliyon 656, aka kawo Lewandowski da Raphinha da Koundé, Christensen da Kessié suka zo kyauta, Xavi ya ɗauki La Liga. Shekara ɗaya tak, a Satumban 2023, iyakar ta sake faɗowa 270, don abin da aka sayar sau ɗaya ba ya sake sayuwa.

To ina maganar masu cewa ƴan wasa ne komai? Sun yi gaskiya cewa baiwar yaran nan ba ta da na biyu. Abin da ba su tambaya shi ne yadda aka yi yaran suka samu fili. Yaron da ya taso daga La Masia, makarantar yaran Barcelona, ba a saye shi ba, ke nan ba shi da kason shekara-shekara irin na Griezmann, albashinsa na farko kuma ƙarami ne. A takarda kusan kyauta yake. Gavi da Balde sun fara bugawa a hannun koci Koeman a 2021, daidai lokacin da asusu ya bushe. Pedri an ɗauko shi daga Las Palmas a kan miliyon 5 na farko. Xavi ya jefa Lamine cikin wasa da Betis a Afrilun 2023 yana ɗan shekara 15, ya fito da Fermín López, ya sa Pau Cubarsí a tsakiyar baya a Janairun 2024. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Makarantar nan tana nan a 2018, tana fitar da yara, amma wa zai ajiye ɗan wasan miliyon 120 a benci don yaro ɗan 17? Da kuɗin Neymar bai ƙare ba, wasu cikin waɗanda ake rataya hotonsu a shagunan aski na garin nan da suna can aro a wata ƙaramar ƙungiya.

Maganar koci ce ta fi zafi, kuma a nan ne nake ganin ana zaluntar Xavi. Akwai alƙaluma uku da ya kamata a rubuta da alli a allon ƙofar gidan kallo, ƙarƙashin jerin wasannin ranar. Kakar 2022/23, Xavi, maki 88, kofi. Kakar 2023/24, Xavi, maki 85, kora. Kakar 2024/25, Flick, maki 88, kofi. Tsakanin kakar da aka kori mutum da kakar da aka ɗaga wani sama, nasara ɗaya ce tak. Abin da ya canza sosai shi ne Madrid, wadda ta tara maki 95 a shekarar korar Xavi, ta sauko 84 a ta Flick. Kuma a tuna da abin da aka miƙa wa Xavi a kakarsa ta ƙarshe: Busquets da Jordi Alba sun tafi, Dembélé ya koma PSG, a gurbin Busquets aka kawo Oriol Romeu daga Girona a kan ƴan miliyoyi, João Félix da Cancelo aro ne, Gavi ya tsinke jijiyar gwiwa a Nuwamba, wasannin gida kuma a Montjuïc ake yi saboda gyaran Camp Nou.

Wannan ba ya nufin Flick bai yi komai ba. Aikinsa ba a maki yake ba, a salon da aka samo makin yake. Ƙungiyar Xavi mai kofi ta ci ƙwallo 70 aka ci ta 20. Ta Flick ta ci 102 aka ci ta 39. Ya turo ƴan baya har kusa da tsakiyar fili, ya mai da satar gida makami. A wasan da suka ci Madrid 4 da nema a Bernabéu, Oktoban 2024, sau 12 aka kama ƴan Madrid da satar gida, takwas daga ciki Mbappé ne. Sau huɗu suka haɗu a kakar, sau huɗu Barcelona ta yi nasara, har da 5 da 2 a Jidda da wasan ƙarshe na Copa del Rey. Amma babbar shaida ita ce Raphinha. Mutumin da ya ci ƙwallo goma-goma a kakarsa biyu na farko, ana ta maganar a sayar da shi, shi ne ya ci 34 a kaka ɗaya, 13 daga ciki a Gasar Zakarun Turai. Ba a sayi kowa ba, ba a nemi rajista ba, ɗan wasan da ake biya tun 2022 ne ya zama wani mutum daban. Ga ƙungiyar da hannunta ke ɗaure, amfanin koci ke nan, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Salon yana da farashinsa: Inter ta zura musu bakwai a wasa biyu na kusa da na ƙarshe, ta fitar da su 7 da 6. Duk wanda ya kalli wasan San Siro ya ga ƙungiyar da ke gaba saura mintuna kaɗan amma ba ta san yadda ake rufe ƙofa ba.

Masu ganin tara taurari ne magani, su dubi PSG. Ta haɗa Messi da Neymar da Mbappé ba ta ɗauki kofin Turai ba. Sai da dukansu suka watse, kocinta Luis Enrique ya ci Inter 5 da nema a Mayun 2025, jagoran ƴan gabansa kuma Dembélé ne, wanda Barcelona ta yi shekara shida tana kuka da shi, ya kuma ɗauki Ballon d'Or a gaban Lamine. Madrid ta ƙara Mbappé a kan ƙungiyar da ta ci La Liga da kofin Turai, ta kasa riƙe ko ɗaya.

Mu nan ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Dubi sunayen da suka fi yawo a saman teburin gasar Nijar: AS FAN, AS GNN, USGN, Douanes, SONIDEP, Nigelec. Kusan duk ƙungiyoyi ne masu ma'aikata ko kamfani a bayansu. Espoir ta garin nan ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa a 1984, kuma har gobe filayen unguwanni ba su rasa yara masu ƙafa ba. Amma yaron da ya yi fice, inda ake biya ƙarshen wata zai nufa, hanyar Yamai ke nan. Ba mu da Tebas, aljihu ne ke yi mana aikinsa.

Abin da ya fi damuna da Barcelona shi ne arhar nan ba mai ɗorewa ba ce. Yaro kyauta ne kawai har ranar da ya zama tauraro. A 2025 an sabunta wa Pedri da Gavi zuwa 2030, Raphinha zuwa 2028, Lamine zuwa 2031 aka kuma ba shi lamba 10. Babu wanda zai ce kada a yi, amma irin sa hannun nan ne zai tsara ƙungiyar 2028, ko Flick na nan ko ba ya nan. Har zuwa Satumban 2025 matsin ma bai saki ba. Dani Olmo, da aka saya daga Leipzig a Agustan 2024, ya fara wasa ne albarkacin raunin Christensen, a Janairun 2025 aka cire sunansa, sai da hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta sa baki ya koma fili. A Yulin 2025 Nico Williams, wanda aka yi ta jira, ya sabunta da Athletic har 2035. Rashford aro ya zo. Iñigo Martínez, dattijon da ke tsawata wa layin baya a tarkon satar gidan nan, an bar shi ya tafi Al-Nassr kyauta a Agusta, albashinsa ya buɗe wa wasu gurbi. A Satumban shekarar La Liga ta fitar da sabuwar iyaka: Madrid miliyon 761, Barcelona 351, ƙasa da rabi. Da wannan tazarar Flick ya shiga kakarsa ta biyu, ba tare da mutumin da ya fi kowa gane tarkonsa ba.